Baƙon da Ba Raɓa Ba: Kwana Shidan Fulukonazol a Jikin Mutum

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga zai ɗauke. Haka yawancin mutane suka ɗauki ƙwayar magani: a haɗiye ta da daddare, ta yi abin da ya kawo ta, kafin gari ya waye ta kama gabanta. Wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba idan farasitamol ake magana, domin cikin awa biyu zuwa uku rabinsa ya bar jini. Amma akwai wani ɗan kafso da ake saye a kemis yadda ake sayen alewa, wanda idan ya sauka a jikin mutum sai ya shimfiɗa tabarma ya yi kusan mako guda. A jikin kwali ana rubuta sunansa fluconazole, wasu sun fi saninsa da Diflucan, mata da yawa kuwa ba su san shi da wani suna ba sai "maganin sanyi".

Yadda cinikin ke gudana sananne ne daga Kano har Damagaram. Mace ta aiki yaro da 'yar takarda, ko ta je da kanta ta sassauta murya ta ce ƙaiƙayi ya dame ta. Mai kemis ya miƙo kafso ɗaya mai miligiram 150, sau da yawa ya haɗa da Flagyl da wani maganin kashe bakteriya, ya ce, "Hajiya, ki sha wannan, in bai tafi ba ki ƙara gobe." Ba ya tambayar ko tana da juna biyu. Ba ya tambayar ko tana shan maganin suga. Ƙoda kuwa ko a mafarki ba ta shigo hirar. Ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba, tunda ƙwaya ɗaya ce tak.

Wannan "ƙwaya ɗaya tak" ita ce ƙaryar da ya kamata a kwance wa zani a kasuwa. Fulukonazol magani ne nagari, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Laifin yana ga yadda ake mu'amala da shi: ana ba da shi ana sha kamar labarinsa ya ƙare a maƙogwaro, alhali a nan ne ya fara. Duk wanda ya san hanyar da wannan ƙwaya ke bi daga baki zuwa fitsari, da tsawon lokacin da take ɗauka, da abin da take yi wa hanta a kan hanya, ba zai ƙara cewa "ki ƙara gobe" da sakin baki ba.

Da gangan aka ƙera shi ya daɗe

Fangas, wato dangin funfuna da yis, halitta ce da ta fi bakteriya kusanci da ɗan Adam ta fuskar ginin ƙwayoyin halitta. Shi ya sa samo abin da zai kashe shi ba tare da ya taɓa mai jinyar ba ya yi wa masana wuya. Kafin fulukonazol, babban maganin sha shi ne ketokonazol, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Yana da matsaloli. Ba ya narkewa sai da tsamin ciki, don haka mai shan maganin olsa kan yi asarar kuɗinsa. Idan ya shiga jini kusan dukkansa kan manne wa furotin, kaɗan ne ke yawo a sake. Hanta ce ke farfasa shi ta zubar ta matsarmama zuwa bayan gida, kuma a wajen wannan aiki wani lokaci ita hantar ke jin jiki. A watan Yulin 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar dakatar da ƙwayar ketokonazol ta sha a matsayin maganin fangas saboda illar hanta, ita ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da shi a wannan watan. Na shafawa da na wanke kai ba su shiga wannan hukunci ba.

Masanan kamfanin Pfizer a garin Sandwich na ƙasar Ingila, ƙarƙashin Ken Richardson, sun nemi maganin da ba shi da waɗannan aibobi. Sun so ƙaramin sinadari mai narkewa a ruwa, wanda hanta ba za ta iya farfasawa da sauƙi ba. A 1981 suka haɗa fulukonazol, ya shiga kasuwa a 1988, Amurka ta amince da shi a 1990. Sun yi nasara fiye da kima, kuma duk abin da zai biyo baya, alheri da haɗari, daga wannan nasarar ya taso.

Idan aka haɗiye kafson, sama da kashi 90 cikin ɗari nasa ke tsallakawa daga hanji zuwa jini. Wannan adadi ne mai ban mamaki: shan sa ta baki kusan daidai yake da a saka wa mutum shi ta jijiya. Bai damu da ko an ci tuwo ko ciki babu komai ba, bai damu da tsamin ciki ba. Cikin awa ɗaya zuwa biyu ya kai ƙololuwarsa a jini. Kashi 11 zuwa 12 ne kacal ke manne wa furotin, sauran na yawo a sake, kuma duk inda ruwa yake a jiki yana zuwa. Yana shiga yawu da majina, yana shiga fata da farce, yana shiga naman gaban mace, yana shiga ruwan nono da yawan da ya kusa na jini. Har ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, inda magunguna da yawa ke tsayawa a bakin ƙofa, fulukonazol yana kaiwa kusan kashi 80 na yawan da ke jini a jikin mai sanƙarau na fangas. Mace ta sha shi don ƙaiƙayi a wuri ɗaya, amma babu lungun da bai leƙa ba.

Fitarsa ce ta fi ban sha'awa. Yawancin magunguna sai hanta ta sauya musu kama kafin jiki ya iya zubar da su. Fulukonazol kuwa yana ratsa hanta ya fito kusan yadda ya shiga. Kimanin kashi 80 nasa yana fita ta fitsari ba tare da ya canza ba, abin da ke fita a farfashe bai wuce kashi 11 ba. Ƙoda ce ƙofarsa. Sai dai ƙoda ba rariya ba ce da ke zubar da duk abin da ya ratsa ta. A kullum tana tace ruwan jini kusan lita 180, sannan ta mayar da kusan dukkansa cikin jiki, ta bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya zama fitsari. A wajen wannan mayarwa, fulukonazol na bin ruwan ya koma jini. A tace shi, ya dawo. A sake tacewa, ya sake dawowa. Kaɗan-kaɗan yake zurarewa.

Masana harhaɗa magunguna na auna wannan da abin da za a iya kira wa'adin rabi, wato lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage yawan magani a jini zuwa rabi. Na fulukonazol a jikin baligi mai lafiyar ƙoda kusan awa 30 ne, ya kan sauka zuwa 20 ko ya haura zuwa 50 gwargwadon mutum. A ɗauka mace ta haɗiyi kafson miligiram 150 ranar Juma'a da ƙarfe biyu na rana, bayan an sauko daga masallaci. Sai ranar Asabar da ƙarfe takwas na dare ne rabinsa zai fita. Ranar Litinin kafin asuba saura kashi ɗaya cikin huɗu. Talata da hantsi saura ɗaya cikin takwas. Laraba da azahar ɗaya cikin goma sha shida. Sai daren Alhamis, ana shirin wata Juma'ar, abin da ya rage zai sauka zuwa kusan kashi 3 cikin ɗari. Kwana shida da 'yan awoyi ke nan a kan ƙwaya ɗaya.

Wannan jinkiri shi ne hikimar maganin. Saboda shi ne kafso guda ke wadatar da mafi yawan mata masu ƙaiƙayin kandida, domin ƙarfinsa na zama a naman gaba har kwana uku. Saboda shi ne ƙaiƙayin ba ya ɗaukewa nan take: maganin yana hana fangas gina bangonsa ne, sai a hankali yake karyewa, don haka sauƙi kan fara bayan kwana ɗaya, cikakkiyar waraka ta ɗauki kwanaki. Wadda ta tashi ranar Asabar ta ji har yanzu da sauran ƙaiƙayi ta ce maganin bai yi ba, ta yi wa mai aikin da bai gama ba hukunci. Ko likitoci, idan ciwon ya yi tsanani ko yana yawan dawowa, tazarar awa 72 suke sa wa tsakanin kafso da kafso har sau uku, sannan ɗaya a mako har wata shida. Ba camfi ba ne wannan tazara. Lissafin wa'adin rabi ne.

To me zai faru idan aka bi shawarar "ki ƙara gobe", aka ƙara jibi, aka ƙara gata? Bayan awa 24, fiye da rabin na jiya yana nan, na yau ya hau kansa. Cikin mako guda yawan maganin a jini zai kai ninki biyu da 'yan kai na abin da ƙwaya ɗaya ke bayarwa. Likita na iya nufin hakan da gangan, kuma akwai cututtukan da ke buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne likitan ya san yana tarawa, ya san don me, ya san ranar tsayawa.

Idan ƙofar ta ƙuntata

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan lafiyayyar ƙoda. Idan ƙodar ta yi rauni sosai, har tacewarta ta sauka ƙasa da mililita 20 a minti ɗaya, wa'adin rabi na tashi daga awa 30 zuwa kusan awa 98. Kwana huɗu kafin rabi ya fita. Mai irin wannan ƙoda da ke shan kafso kullum zai tara fiye da ninki shida. Shi ya sa ƙa'idar likitanci ta ce idan tacewar ƙoda ta kai mililita 50 a minti ko ƙasa da haka, a raba adadin kullum biyu bayan kason farko. Masu wankin ƙoda kuma akan ba su bayan an tashi daga na'ura, domin zaman awa uku na kwashe kusan rabin maganin da ke jini. Kafso ɗaya tilo ba ya buƙatar wannan gyara, kuma adalci ne a faɗi haka. Maimaitawar ce ke buƙata, maimaitawar kuwa ita ce al'adar kemis.

Abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin darasin aji shi ne ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa yana dawowa, bai ji komai ba. Hawan jini da ciwon suga, manyan masu cin ƙoda, sun zama ruwan dare, da yawa kuma ba su taɓa auna kansu ba. A yankin Gashuwa da Nguru na Jihar Yobe, da Haɗejiya a Jigawa, ciwon ƙoda ya daɗe da zama abin da ake maganarsa a majalisa da gidan gaisuwa. A irin waɗannan wurare, miƙa wa dattijuwa sacet guda na maganin da ƙoda kaɗai ke fitarwa, a ce ta sha kullum, ba tare da gwajin kiriyatinin na jini ba, caca ce da ran mutum. Mai miƙawar bai san yana caca ba, wannan kuma shi ya fi muni.

Hantar da bai shiga ba, amma ya tsare mata hanya

Wani zai ce tunda hanta ba ta da aiki a kansa, ai ita ta huta. A nan ne labarin ya juya. Fulukonazol na kashe fangas ne ta hanyar toshe wani enzayim da fangas ke amfani da shi wajen haɗa argostarol, sinadarin da ke riƙe bangon ƙwayarsa. Wannan enzayim ɗan gidan wani babban dangi ne da ake kira saitokurom P450. Hantar ɗan Adam cike take da 'yan wannan dangi, kuma su ne leburorin da ke farfasa mafi yawan magungunan da ake sha. Makullin da aka ƙera don ƙofar fangas yana shiga ƙofar 'yan uwanta na hanta, ko da bai zauna daidai ba. Uku daga cikinsu yake danne wa: 2C19 da ƙarfi, 2C9 da 3A4 daidai gwargwado. Ya zama kamar babbar motar da ba ta da kaya a kasuwa amma ta tsaya a bakin ƙofa: ita ba a sauke mata komai ba, na bayanta kuma sun kasa wucewa. Bayanin da masu yin maganin da kansu ke rubutawa ya ce wannan dannewa na ci gaba kwana huɗu zuwa biyar bayan an daina sha.

Su wa ke bayan motar? Na farko shi ne gilibenkilamid, maganin suga da aka fi sani da Daonil, da 'yan uwansa. Enzayim 2C9 na daga cikin masu fitar da shi. Idan aka danne shi, maganin ya daɗe a jini, ya ci gaba da sauke suga bayan lokacin da ya kamata ya tsaya. Gumi, rawar jiki, ruɗewa, suma. Abin takaicin shi ne masu ciwon suga su ne kandida ta fi addaba, domin suga mai yawa abincinta ne. Wato wadda ta fi kowa yiwuwar zuwa neman wannan kafso ita ce ta fi kowa yiwuwar samun ɗayan maganin a jakarta. Metfomin ba ya bin wannan hanya ta hanta, don haka ba kowane mai suga ke cikin wannan haɗari ba, amma sai an tambaya ake sanin wanne take sha.

Na biyu warfarin ne, maganin tsinka jini da ake ba masu ciwon bawul ɗin zuciya da waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke karewa da wanda ke sa zubar jini ƙanƙanuwa ce, fulukonazol kuma na iya ninka lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Haɓo, dasashi mai jini, fitsari ja, wani lokaci zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Sai magungunan farfaɗiya, fenitoyin da kabamazefin, waɗanda idan suka taru mutum ya riƙa tangaɗi yana ganin abu biyu-biyu. Sai nebirafin na masu cutar ƙanjamau, wanda yawansa a jini kan kusa ninkawa. Har ibufurofen da ake sha don ciwon mara yana ƙaruwa a jini, shi kuma ba abokin ƙoda ba ne.

Akwai kuma zuciya. Fulukonazol na iya tsawaita lokacin da tsokar zuciya ke ɗauka kafin ta sake shiryawa bugu na gaba. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya zama komai. Idan aka haɗa shi da wani magani mai irin wannan hali, bugun zuciya na iya rikicewa har ya kai ga mutuwar fuju'a. Eritromaisin na cikin waɗanda aka hana haɗawa da shi baki ɗaya, kuma eritromaisin na nan a kan kantar kowane kemis, a jere ɗaya da kafson sanyi. Ta ɗaya ɓangaren, rifamfisin na masu tarin fuka yana zaburar da hanta har ya rage fulukonazol a jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai maganin ya gaza. Ita kanta hantar, ko da yake ba kasafai ba, fulukonazol kan yi mata illa kai tsaye, shi ya sa rawayar ido ko fitsari mai duhu a lokacin shan sa ke wajabta tsayawa da ganin likita.

Batun juna biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙaiƙayin kandida ya fi yawa a lokacin ciki, kuma makonnin farko su ne lokacin da mace ba ta ma san tana ɗauke da shi ba. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan miligiram 400 zuwa 800 a kullum na tsawon lokaci a watanni ukun farko na da alaƙa da nakasar jarirai. A 2016 wani babban nazari daga ƙasar Denmark, da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, ya gano ƙarin yawan ɓari a tsakanin matan da suka sha fulukonazol da ciki, akasarinsu a ƙaramin adadin da ake ba masu ƙaiƙayi. Wani nazari daga Kanada a 2019 ya nuna alama iri ɗaya. Irin waɗannan nazarce-nazarce alaƙa suke nunawa, kuma mafi yawan matan da suka sha sun haihu lafiya, don haka wadda ta sha bisa rashin sani ba ta da dalilin firgita. Amma tunda akwai maganin matsi irin kulotirimazol, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini kuma shi ake ba masu ciki na kwana bakwai, babu hujjar ɗaukar kasadar. A Turai, takardar bayanin maganin na shawartar a bar mako guda tsakanin kafso ɗaya da ɗaukar ciki. Makon nan ba wani abu ba ne illa kwana shidan da aka lissafa daga Juma'a zuwa Alhamis.

"Sanyi" ba sunan cuta ba ne

Duk wannan kasada da a ce don maganin na yin aiki ake ɗaukarta, da da sauƙi. Sau da yawa ba ya yi, domin ba ciwonsa ba ne. Kalmar "sanyi" buhu ce da aka zuba cututtuka barkatai a ciki. Akwai kandida, ita ce fangas. Akwai rikicewar bakteriyar gaba mai zuwa da ƙarni, wadda metronidazol ke magani. Akwai tirikomonas, akwai gonoriya da kilamidiya, waɗanda ake ɗauka ta saduwa, waɗanda kuma idan aka bar su suna iya hawa su toshe bututun mahaifa. Akwai farin ruwan da ba ciwo ba ne sam, halittar mace ce mai sauyawa da kwanakin wata. A cikin duk waɗannan, kandida kaɗai fulukonazol ke taɓawa. Matar da ke da kilamidiya ta shekara tana haɗiyar kafson fangas, ta shekara ke nan tana ba cutar lokaci. Haɗin gambizar da ake yi mata ma na iya zama tushen matsalar, domin maganin kashe bakteriya na share bakteriya masu amfani da ke tsare gaba, kandida ta samu fili. A sayar mata da abin da ke kawo ƙaiƙayin da abin da ke kashe shi a leda ɗaya, ta dawo wata mai zuwa. Ƙaiƙayin da ke yawan dawowa kuma wani lokaci shi ne ɗan aiken farko na ciwon suga ko raunin garkuwar jiki, kafson na rufe bakin ɗan aiken ne kawai.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko: a Ingila ma ana sayar da kafson miligiram 150 ba tare da takardar likita ba. Gaskiya ne. Amma a bayan kanta yake, hannun ƙwararren mai harhaɗa magunguna, kafso ɗaya a kwali, ga 'yan shekara 16 zuwa 60, kuma sai an yi tambayoyi: juna biyu, shayarwa, sauran magunguna, ko ciwon ya dawo fiye da sau biyu cikin wata shida. Idan amsa ta karkace, sai a tura mutum wajen likita. A Amurka kuwa har yau sai da takarda. An kwaso sauƙin sayen daga Ingila, an baro tambayoyin a can.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: asibiti da nisa, layi da tsawo, gwaji da tsada, ga kunyar bayyana irin wannan ciwo gaban likita namiji. Ga miliyoyin mutane mai kemis shi ne likitan farko kuma na ƙarshe. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a rufe kemis-kemis gobe bai san ƙauye ba. Sai dai hujjar tana komawa kan mai ita. Idan mai kemis ne likitan ƙarshe, to nauyin tambayar ya hau kansa, ba sauka ya yi ba. Tambaya ba ta cin kuɗi. "Yaushe rabonki da al'ada? Wane magani kike sha yanzu? An taɓa ce miki kina da suga, hawan jini ko ciwon ƙoda? Sau nawa kika sha wannan a bana?" Minti ɗaya ne. Majalisar kula da harhaɗa magunguna ta Najeriya, wadda ke ba wa famasi da kemis lasisi, ta bambanta abin da kowannensu ke da izinin sayarwa, amma lasisin da ba ya tare da koyarwa da sa ido takarda ce a jikin bango.

Kada masu digiri su ɗauka da talakan ƙauye ake. A zaurukan WhatsApp na matan ma'aikata, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan unguwa, a nan ake tura hoton kwali da rubutun "wannan na sha, wallahi kamar yankan wuƙa". A nan ake yaɗa cewa amarya ta sha kafin biki, mai jego ta sha bayan arba'in, kowace mace ta sha duk wata "don wanke ciki", miji ma a ba shi ko ba ya jin komai. Injiniyar da ba za ta zuba wa motarta man da ba ta san lambarsa ba ita ce ke rubuta wa ƙawarta magani ba tare da ta san abin da ke cikin jakar ƙawar ba. Likitoci ma ba su fita ba. Wanda ya rubuta kafso ɗaya bai ce "zai ɗauki kwana biyu zuwa uku, kada ki ƙara" ba, ya bar gurbin da mai kemis zai cike.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin hirar amma su za su biya. Sanƙarau na fangas, wanda kiriftokokus ke jawowa, yana kashe sama da mutum dubu ɗari a shekara a duniya, akasarinsu masu ƙanjamau a Afirka kudu da Sahara. A tsarin jinyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, fulukonazol na nan a kowane mataki: miligiram 1200 a kullum na mako biyu tare da wasu magunguna biyu, sannan 800 na mako takwas, sannan 200 na tsawon watanni. Shigarsa ruwan ƙwaƙwalwa da arharsa ne suka ba shi wannan matsayi, kuma rukunonin magungunan fangas da ake da su ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Fangas na koyon jure magani idan ya daɗe yana haɗuwa da ɗan adadin da bai isa ya kashe shi ba, wutsiyar nan mai tsawo ta fulukonazol kuwa, kwanakin Talata da Laraba da Alhamis, irin wannan adadin ce. Sau ɗaya don ciwon da ya tabbata, farashi ne da ya dace a biya. Duk wata, ga matan da ba su da kandida, horo ne ake ba fangas kyauta. Wasu nau'o'in kandida tun asali ba sa jin sa. Kandida auris, wadda aka fara ganowa a kunnen wata majinyaciya a Japan a 2009, yawancin samfuranta ba sa jin fulukonazol, ta kuma bazu a asibitocin nahiyoyi da dama har da Afirka. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a rukunin farko na fangas mafi haɗari, tare da kiriftokokus da kandida albikans, wato ita dai wannan mai sa ƙaiƙayin da ake aiken yaro kemis dominta.